Wa Ke Zaune da Babanka?

Litinin ce ranar wankinmu, don haka hannuna na cikin kumfar sabulu lokacin da motar Shugaba Escalona ta tsaya a ƙofar gidan da muke haya. Shi ne shugaban 'yan mishan na yankinmu gaba ɗaya, kuma ba ya zuwa gidan kowa haka kawai. In ka ga motarsa a ƙofarku ba ranar taro ba, to ko wani ya yi abin kora, ko wani ya yi rashi. Abokin aikina, Elder Lumayag (Elder laƙabi ne da ake kiran kowannenmu da shi), ya leƙa ta taga ya ce, "Dogo, me ka aikata ban sani ba?" Na ce masa ta ina zan aikata abin da bai sani ba, mutumin da ko banɗaki na shiga yana jin tarina.

Ba zolaya nake yi ba. A cocinmu, mu da ake kira Mormon, dokar farko ga ɗan mishan ita ce ba ya rabuwa da abokin aikinsa. Ka tsaya inda yake ganinka, inda yake jin muryarka, har tsawon wata ashirin da huɗu. Banɗaki kaɗai aka yafe mana. A lokacin na yi wata goma sha shida a tsibirin Negros na ƙasar Filifin, an canza min abokin aiki sau biyar, kuma ban taɓa zama a ɗaki ni kaɗai ba.

Shugaba ya zauna a kujerar roba, ya cire tabarau, ya ce, "Elder Tolman, mahaifinka ya rasu da safiyar Lahadi, lokacinsu. Zuciya ce. A gidan shanu aka same shi."

Na ce, "Na gode, Shugaba."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Idona na kan takalminsa, ina mamakin yadda mutum zai ratso hanyar garin nan takalminsa na ƙyalli haka. Ya miƙo min waya, Mama na kan layi daga ƙauyenmu a kudancin Alberta, a Kanada. Ita kaɗai ke kirana da sunana na yanka, Ammon. Muryarta tsaf, kamar mai karanta sanarwa a coci. Ta ce jana'iza ranar Asabar. Ta ce yayata za ta iso ranar Juma'a. Sannan ta ce, "Ka san abin da babanka zai ce."

Na sani kuwa. Duk garinmu an sani. Baba ya yi nasa aikin mishan a Chile, mahaifiyarsa ta rasu yana can, bai dawo ba sai da ya cika kwanakinsa. Da wannan labarin aka raine ni. Ranar da zan taho, a filin jirgin Calgary, ya riƙe kafaɗata ya ce, "Wata ashirin da huɗu, Ammon. Ba ashirin da uku da rabi ba. Ko rufin gida ne ya faɗo mana, kar in ga ƙafarka kafin ka gama."

Da na ajiye wayar Shugaba ya ce shawara tawa ce da iyalina. Yawanci 'yan mishan ba sa tafiya, in ji shi, amma ba zai hana ni ba. In zan tafi, lallai ya ji daga gare ni kafin sha biyun ranar Alhamis, domin bayan haka ba jirgin da zai kai ni kafin a binne shi. Ya yi addu'a, hannunsa a kaina. Da ya tafi na koma kan wankina. Fararen riguna shida, kowace sai an dirje wuyanta da buroshi. Na shanya su, kuma da yake lokacin yankan rake ne ana ƙona gonaki, kafin la'asar baƙin toka ya sauka a kansu duka. Na sake wanke su.

Ranar Talata na tashi shida da rabi, kamar kullum. Motsa jiki, wanka, karatu ni kaɗai a teburina yana nasa a teburinsa, karatu tare, sannan tsarin yini. Ƙarfe goma muka ɗaura laktaye, muka maƙala baƙin bajo mai sunanmu a aljihu, muka fita. Mun yi sallama a ƙofa goma sha ɗaya. An ce mana masu gidan ba sa nan a ƙofa bakwai, biyu daga ciki da bakin masu gidan.

Da rana muka koyar da wani direban motar rake da matarsa. Darasin da ya zo kan layi shi ne na iyali, cewa mutuwa ba ta raba miji da mata, ba ta raba uba da ɗa, za a sake haɗuwa. Na faɗe shi sau ɗari ko fi. Na faɗe shi ranar ma, ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba, har matar ta share hawaye da gefen rigarta. Ni kuwa ina kallon wani ƙadangare a bango ina lissafin ko za mu kama motar ƙarfe biyu. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji ta'aziyyar da nake raba wa mutane ba. Ban ji komai ba.

Elder Lumayag ɗan masunta ne daga Mindanao, gajere, mai surutu, watansa uku kacal a aikin, kuma ni aka ba horar da shi. A hanya ya ce, "Dogo, ka yi kuka mana, ko na minti biyu ne. Zan juya baya. In kana so ma in toshe kunne in yi waƙa."

"Muryarka ce za ta sa ni kukan."

"To ai shi ke nan, bukata ta biya. In fara?"

"Ba na jin kuka."

"Me kake ji?"

"Yunwa."

"Wannan ma ƙarya ce. Shinkafarka ta jiya ni na cinye, ta safe ma ni na cinye. Ƙiba nake yi da makokinka, Dogo, kunya nake ji."

Na lura da wani abu ɗaya a ranar: mutane uku sun kira sun yi min gaisuwa, na ce musu na gode, lafiya lau nake, amma ni da bakina ban furta cewa babana ya mutu ba. Wasu ne suke faɗa, ni kuma in gyaɗa kai.

Ranar Laraba muka je gidan Nanay Soling; a yarensu Nanay na nufin uwa, Tatay kuma uba. Gidanta na can cikin gonar rake, sai ka sauka a bakin titi ka bi wata siririyar hanya ta tafiyar minti biyar, wadda ko babur ba ya shiga. A bakin titin nan sabis ɗin waya yake ƙarewa. Wata biyar muna zuwa koyar da ita, tana ba mu dafaffiyar ayaba da kofin ruwan sanyi, tana sauraro har ƙarshe, in an zo maganar baftisma ta ce, "Ni 'yar Katolika ce, an jiƙa min kai tun ina wata biyu. Sau nawa ake jiƙa mutum, ko ni wanki ce?" Mijinta, Tatay Pidoy, tsohon mai yankan rake, da ya hango mu sai ya ja hula ya rufe fuska ya hau minsharin ƙarya, ba ya farkawa sai an kawo ayaba. Falwaya yake kirana saboda tsayi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ciwon huhu ya tafi da shi.

Akwatin gawarsa na tsakiyar falo, fari, da gilashi a saman fuska, kyandir biyu a gefe, furanni a ƙafa. An kafa rumfar tamfal a waje da tebura na masu karta da ke taya zaman makoki. Ba a sa ranar binnewa ba, ana jiran 'yarsu Ginalyn da ke aikatau a Kuwait, wadda uwar ɗakinta ta ce ba za ta sake ta ba sai ta ga takarda. A nan ba a barin gawa ita kaɗai. Daga ranar da aka shigo da ita har ranar da za a fita da ita, dole a sami mai ido biyu a kusa. Na san wannan tun watana na farko, na kuma ajiye shi a jerin abubuwan da muke kira camfi a tsakaninmu, tare da hana shara da hana raka baƙo ƙofa a gidan makoki.

Da tsakar rana muka isa, lokacin da gidan makoki ke zama wayam. Masu karta sun tafi barci, dangi sun koma gona don injin matse rake ba ya jiran kowa. Nanay ce kaɗai, idanunta sun kumbura, ta riga ta sa rigar fita da lema a hannu.

"Allah ya kawo ku," in ji ta. "Zan je ofishin ƙaramar hukuma in karɓo takardar mutuwa, in aika wa waccan matar ta sakar min yarinya. Ku zauna da shi. In kun ji hon ɗin mai ruwa, ɗaya ya ɗauki jarka biyun nan ya je titi, ɗaya ya zauna. Ba ya jira, kuma ba ni da ko na dafa wa baƙi kofi."

Na ce, "To, Nanay." Ban ma saurari abin da na amsa ba.

Muka zauna. Tatay Pidoy na kwance cikin farar riga mai aiki, an shafa masa hoda har ya fi ni fari, an taje masa gashi ta gefen da ba ya tajewa. Na kalle shi na daɗe, ina jira in ga ko wani abu zai motsa a cikina. Fanka na juyawa. Ƙuda ɗaya na sauka a gilashin, Elder Lumayag na kora shi da ƙasidar coci.

Bayan kamar rabin awa hon ya tashi daga titi.

Ya miƙe ya ɗauki jarkokin. "Bari in ruga."

"Ina za ka kai kaɗai?"

"Titi mana. Ko kai ka je, ƙafarka ɗaya ta yi uku tawa."

"Daga nan ba a ganin titi."

Ya tsaya, jarka a kowane hannu, yana kallona. "Dogo, minti goma ne."

"Ka karanta min inda aka rubuta ban da minti goma."

"To mu zauna dukanmu. A sha kofi ba ruwa."

"Mun ce za mu ɗauko."

"Mun kuma ce za mu zauna! Haba, Elder. Ba a barin mamaci. Kakata da ta ji wannan sai ta tashi daga nata kabarin ta mare ni."

Hon ya sake tashi, dogo wannan karon. Na miƙe na gyara laktaye. Ni ne babba, ni aka ba shi in koya masa, kuma a kwanakin nan doka ce kaɗai abin da nake iya riƙewa da hannu biyu. Na ce masa, "Me muka koyar jiya? Tatay ba ya cikin akwatin nan. Riga ce ya tuɓe. Riga ba ta bukatar mai gadi. Tashi mu je."

Ya sunkuya kan gilashin ya ce a hankali, "Tatay, ka yi haƙuri, yanzun nan za mu dawo," sannan ya biyo ni.

Minti goman ya zama ashirin da biyar. Mata shida ne a gabanmu a layi, tiyo ya fita daga bakin tanki sau biyu, mai ruwan kuma sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne a ƙasarmu fitsari na daskarewa kafin ya kai ƙasa. Muka dawo da jarka a kafaɗa, rigunanmu sun jiƙe.

Nanay ta riga mu. Wani ya rage mata hanya ta bayan gona. Tana tsaye a tsakiyar falo, lemarta ba ta ma naɗe ba, takarda a ɗaya hannun. Kyandir ɗaya ya mutu. Akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye rabin furannin, ta bar kashinta a ƙarƙashin akwatin, kuma ga alama da ƙyar aka fitar da ita don kujera ɗaya na kife.

Ba ta ɗaga murya ba. Na so a ce ta ɗaga.

"Na shigo na same shi da akuya," in ji ta.

Na sauke jarkar, na fara bayani. Na yi mata bayanin dokarmu da kyau, da yarenta, kalma bayan kalma: ba a raba mu, don kariyarmu ne, haka yake a duk duniya. Har na ɗora da cewa kada ta damu, ruhun Tatay na wuri mai kyau, bai san an fita ba. Elder Lumayag na taka min ƙafa, ban tsaya ba sai da na kai aya.

Ta naɗe lemar a hankali. "Ka gama?"

"Na gama, Nanay."

"Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa barin mutumin nan ya ci abinci shi kaɗai ba. Kwana huɗu ke nan ban miƙe bayana a gado ba. Ku biyu, ƙatti, masu ƙafa, masu baki, ku ne ba a iya rabawa minti goma. Shi da ko ƙuda ba ya iya korewa, shi kuka bari." Ta ɗauko ashana ta kunna kyandir ɗin. "Kana gaya min bai sani ba. Ni ai na sani."

Elder Lumayag ya durƙusa yana kwashe kashin akuya da ƙasidar. Daga can ƙasa, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Nanay, ki yafe masa. Babansa ya rasu ranar Lahadi."

Ta juyo. Ta kalle ni tun daga takalmi har laktaye, kamar yadda take kallon kifi a kasuwa in tana shakkar kwanansa.

"Gaskiya ne?"

Na gyaɗa kai.

"Lahadin nan? Kuma kana yawo da jaka kana sallama a gidajen mutane?" Ta ajiye ashanar. "Wa ke zaune da shi?"

"Na'am?"

"Babanka. Wa ke zaune da shi yanzu?"

A wurinmu ba a ajiye gawa a gida. Mota ke zuwa ta ɗauke ta, sai ranar jana'iza a gan ta na awa ɗaya. Na ce ban sani ba.

"Yaushe jirginka?"

"Ba zan tafi ba, Nanay. Sauran wata takwas. Shi da kansa ya ce kar in dawo."

"An hana ka ne?"

"A'a. An ce in zaɓa."

Ta ɗaga takardar da ke hannunta ta kaɗa min ita a fuska. "Tawa 'yar na can tana durƙusa wa wata mata don a ba ta kwana biyar. Kai an ce ka zaɓa." Ta juya ta gyara abin da ya rage na furannin. "Ku kai ruwan kicin. Akwai ayaba a tukunya, ku ci ku tafi."

Ba mu ci ba. Duk hanyar komawa Elder Lumayag bai zolaye ni ko sau ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haɗa mu. Muka cika sauran yinin kamar yadda aka tsara. Da yamma na rubuta a littafin aiki: darasi biyu, hidima ɗaya. Na daɗe ina kallon kalmar hidima ɗin.

Ranar Alhamis da safe na nemi izini na kira gida, ko da yake ba Litinin ba ce, ranar da aka yarda mu kira. Tara na safe a nan, shida na yamman Laraba a can. Elder Lumayag ya zauna a bakin gadonsa, inda doka ta ce ya zauna, ya sa ido a bango.

"Mama, wa ke tare da Baba?"

"Kamar yaya, Ammon?"

"Yanzu. Wa ke zaune da shi?"

"Yana gidan masu shirya gawa mana, can cikin gari. Ba a zama. Sun ma rufe tun ƙarfe biyar."

"Ke fa? Wa ke tare da ke?"

Ta ce matan coci sun zo da rana, sun yi kirki ƙwarai. Firji ya cika da abinci, har ta fara jerawa a baranda tunda sanyin waje ya fi na firjin. Sun tafi ɗaukar yara daga makaranta. Maƙwabcinmu na zuwa da safe ya ba shanu ciyawa. Ta ce tana zaune a kicin. Ina jin agogon bangon kicin ɗin ta cikin wayar, abin da ban taɓa ji ba a duk kiran da muka yi, domin kullum akwai rediyon Baba a baya.

"Kar ka damu da ni," in ji ta. "Babanka zai ce ka gama."

"Ban tambayi Baba ba. Ke nake tambaya."

Sai ta ce, "Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar gidan shanu. Na je in tayar da tarakta in share, na zauna a ciki, ban san me ake fara murɗawa ba. Shekara ashirin da bakwai ina kallonsa yana yi." Ta ja hanci. "Ba komai. Je ka yi aikinka, ɗana."

Muka yi sallama. Na so in ce daga nan na kira Shugaba, amma ba haka aka yi ba. Na ajiye wayar, na duba agogo, na ga tara da minti ashirin, lokacin karatu tare. Muka yi karatu tare. Ƙarfe goma na ɗaura laktaye muka fita.

"Ina muka nufa?" in ji Elder Lumayag. "Tsari ya ce unguwar bayan kasuwa."

"Gidan Nanay."

"Za ka sake yi mata bayani ne? Ka faɗa min tun yanzu in tsaya daga waje."

Na sayi kwalin kyandir a shagon bakin titi. Da muka isa, goma sha ɗaya ta wuce, rumfa ba kowa kamar jiya. Nanay na kan kujera kusa da akwatin, kanta na faɗuwa tana tarowa. Na ajiye kyandir ɗin a tebur, na ce mata na zo ba da haƙuri, kuma wannan karon ban ƙara komai a kai ba. Ta ce takarda ta isa, Ginalyn za ta sauka ranar Lahadi. Ta kalli kwalin, ta kalle ni.

"Bayana zai karye," in ji ta. "Zan shiga in kwanta awa ɗaya. Za ka iya?"

"Zan iya."

"Mai ruwa ba ya zuwa yau, ba ka da hujja."

Ta dafa akwatin ta ce wa mijinta, "Pidoy, ga Falwayarka nan, ka sa masa ido," ta shige ɗaki ta saki labule. Ba a yi minti biyar ba muka ji numfashinta ya canza.

Na zauna a kujerarta, da sauran ɗuminta. Elder Lumayag ya zauna a bakin ƙofa. Agogona ya ce sha ɗaya da rabi. Na kalli fuskar tsohon a ƙarƙashin gilashi, na tuna gidan masu shirya gawa, wani gini mai jan bulo a babban titin garinmu, wanda muke wucewa in za mu sayo abincin shanu. A can yanzu dare ya soma, an kashe fitilu, an kulle ƙofa. Ban san a wane ɗaki suka sa Baba ba. Ban san ko an taje masa gashi ta gefen da yake tajewa ba.

Sha biyu saura ashirin. Na ciro wayar daga aljihu. Babu sabis, kamar yadda na sani, sai a bakin titi. Na kalli labulen ɗakin Nanay. Na kalli akwatin.

"Elder."

"Na'am?"

Na miƙa masa wayar. "Je ka titi. Kira Shugaba. Ka ce masa zan tafi."

Bai karɓa nan da nan ba. "Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai."

"Daga nan ba a ganin titi fa, Dogo."

"Na sani."

"Zai tambaye ni ina kake. Ni ban iya ƙarya ba, kunnena ke yin ja."

"Ka gaya masa gaskiya. Ka ce ina zaune da mamaci."

Ya karɓi wayar. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai faɗi wata maganar banza irin tasa, sai ya fasa, ya matse min kafaɗa da hannu ɗaya, ya fita. Na ji takalminsa a kan busasshen ganyen rake, da gudu-gudu, laktayensa na tashi ta bayan wuya. Hanya ta lanƙwasa, rake ya rufe shi. Na ci gaba da jin takun na ɗan lokaci, sannan shi ma ya ɓace.

Wata goma sha shida. Na juya hagu, inda kullum akwai farar riga a gefen idona, babu kowa. Tsoro ne ya fara zuwa, irin na yaron da aka manta a kasuwa, kuma shi ne abu na farko da na ji tun ranar Litinin. Bayansa wani abu ya biyo, mai nauyi. Na karya dokar aikina, zan kuma karya maganar Baba ta ƙarshe gare ni, kuma ba zai taɓa samun damar yi min faɗa a kai ba. Wannan ne ya fi min ciwo.

Ƙudan jiya, ko ɗan'uwansa, ya sauka a gilashin daidai goshin tsohon. Na kore shi da hannu. Na matso da kujerar har gwiwata ta taɓa akwatin, na rage murya don kada in tashi Nanay.

"Tatay," na ce, "babana ya mutu."